Gyambon Baki Da Kumburin Hanji: A Saurari Ɗan Aike

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da za a ba masanin ilmin halittu dama ya yi wa wannan karin magana ƙari, da sai ya ce labarin hanji kuwa a tambayi baki. Dalili shi ne, tun daga leɓe har zuwa dubura hanya guda ce wadda abinci yake bi, tsawonta ya kai kimanin mita 9 a jikin baligi, kuma duk tsawon nan baki ne kaɗai ido yake iya gani ba tare da wata na'ura ba. Saboda haka idan wuta ta kama a can cikin hanji, sau da yawa a baki ake fara ganin hayaƙinta.

Ɗaya daga cikin irin wannan hayaƙi shi ne gyambon baki, wato ɗan mikin nan mai farin tsakiya da jan zobe kewaye da shi, wanda kan fito a cikin leɓe, ko cikin kunci, ko ƙarƙashin harshe. Girmansa sau da yawa bai wuce na ƙwayar dawa ba, amma zafinsa kan hana ƙato cin tuwo. Kusan mutum 1 cikin 5 kan yi fama da shi a wani lokaci na rayuwarsa, ya warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14, ba tare da wata cuta ta ɓuya a bayansa ba. To, amma akwai wani rukuni na jama'a waɗanda gyambon nan yake zuwar musu a kai a kai, tare da murɗar ciki da gudawa da rama. Cikinsu akwai masu cutar kumburin hanji, kuma a kansu wannan sharhi ya tsaya. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, gyambon bakin mai wannan cuta ɗan aike ne daga hanji. Wajibi ne a lallaɓa bakin domin majinyaci ya iya ci da sha, amma duk wanda ya tsaya ga shafa magani a baki bai waiwayi hanji ba, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Mece ce cutar kumburin hanji?

Sunan ya ƙunshi cututtuka biyu 'yan uwan juna. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda likitoci suke kira kolaitis mai gyambo. Wani likitan birnin Landan, Samuel Wilks, shi ne ya bambanta ta da atuni a shekarar 1859. Tana farawa daga dubura ta yi sama, tana cin fatar cikin babban hanji kaɗai, manyan alamominta kuwa su ne gudawa mai jini da majina, da matsuwar zagayawa dare da rana. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta ci sunan likita Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka bayyana ta a shekarar 1932 daga asibitin Mount Sinai na birnin Niyok a Amurka, ko da yake wani likitan fiɗa na Gilasgo, Kennedy Dalziel, ya riga ya kwatanta irinta tun 1913. Ita wannan tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, ta tsallake wani wuri ta kama wani, kuma tana ratsa kaurin bangon hanji gaba ɗaya. Inda ta fi zama shi ne ƙarshen ƙaramin hanji, daidai mahaɗarsa da babba.

Ba a ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu ta hanyar cin abinci tare ko zama ɗaki guda. Asalin matsalar daga garkuwar jiki take. A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin bakteriya bila adadin waɗanda suke zaune lafiya da jiki, har ma suna yi masa aiki. A jikin mai wannan cuta sai garkuwa ta ɗauki waɗannan maƙwabta a matsayin abokan gaba, ta buɗe musu wuta, ɓarnar yaƙin kuwa ta faɗa kan bangon hanji. Gado yana da hannu a ciki. A shekarar 2001 aka gano cewa canji a wata ƙwayar gado mai suna NOD2 yana ƙara haɗarin cutar Crohn. Shan taba sigari kuma yana tsananta ta. Galibi cutar kan bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 30 da haihuwa, wato daidai shekarun karatu da neman na kai, kuma halinta shi ne ta lafa na watanni ko shekaru, sannan ta sake tasowa. Wani babban ƙiyasi na duniya ya nuna cewa a shekarar 2017 masu ɗauke da ita sun kai kimanin miliyan 6.8.

Hanyoyi uku da baki ke shiga cikin maganar

Hanya ta farko ita ce cutar da kanta. Fatar da ta lulluɓe cikin baki da wadda ta lulluɓe cikin hanji dangin juna ne, kuma garkuwa iri guda ce take gadinsu. Idan garkuwar ta harzuƙa a ƙasa, sinadaran kumburi da take saki suna bin jini su isa sama. Shi ya sa majinyata da yawa kan lura cewa gyambo yana fitowa ne daidai lokacin da ciki ya ɓaci, ko 'yan kwanaki kafin ya ɓaci, ya kuma lafa idan ciki ya lafa. A cutar Crohn lamarin kan wuce ɗan miki. Leɓe kan kumbura ya ƙi saɓewa, cikin kunci ya yi gurguje kamar daɓen tsakuwa, dogon miki ya tsaga kwarin da ke tsakanin dasashi da kunci. Wani likitan Ingila mai suna Dudeney ne ya fara ba da rahoton cutar Crohn a baki a shekarar 1969. Tun daga nan aka tabbatar cewa alamun baki sun fi yawa ga yara da matasa, kuma suna iya riga alamun ciki bayyana da watanni, wani lokaci ma da shekaru.

Hanya ta biyu ita ce ƙarancin abubuwan gina jiki. Ƙwayoyin halittar fatar baki suna sabuntuwa cikin kimanin mako biyu, duk wurin da ake irin wannan gini cikin sauri kuwa shi ne yake fara nuna alama idan kayan gini suka yanke. Kayan ginin nan sun haɗa da sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da folik asid. Hanjin da yake zubar da jini kullum yana zubar da ƙarfe. Bitamin B12 kuwa a ƙarshen ƙaramin hanji jiki yake tsotse shi, wato daidai inda cutar Crohn ta fi zama. Kuma da yake hanta tana ajiye na wasu shekaru, ƙarancinsa kan zo a hankali ba tare da an ankara ba. Alamun wannan ƙaranci a baki sanannu ne: harshe ya yi ja ya yi sumul yana zafi, gefen baki ya tsattsage, gyambo ya ƙi ƙarewa. Sai kuma lamarin ya zama kewayayye. Baki yana ciwo, majinyaci ya rage ci. Ya rage ci, ƙarancin ya ƙaru. Ƙarancin ya ƙaru, bakin ya ƙara ciwo.

Hanya ta uku ita ce magungunan cutar. Salfasalazin, wanda likita Nanna Svartz ta ƙasar Suwidin ta fito da shi wajen shekarar 1940, kuma har yanzu ana amfani da shi saboda sauƙin kuɗinsa, yana rage wa jiki tsotsar folik asid. Metotireksat yana haddasa gyambon baki kai tsaye, shi ya sa ake haɗa shi da ƙwayar folik asid. Shi wannan magani sau ɗaya a mako ake shan sa ko yin allurarsa. Wanda ya yi kuskure ya riƙa sha kullum yana cikin babban haɗari, kuma lalacewar baki na cikin alamun farko. Magungunan kwantar da kumburi dangin kotizon, irin su firednisolon, waɗanda Truelove da Witts suka tabbatar da amfaninsu ga gyambon babban hanji a Ingila a shekarar 1955, suna raunana garkuwa har farar funfuna ta samu damar yaɗuwa a harshe da ganda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai karatu zai ga cewa waɗannan hanyoyi uku magani uku suke buƙata. Na farko a kwantar da hanji, na biyu a cike giɓin abin da ya ƙaranta, na uku a gyara magani ko adadinsa. Babu ko ɗaya daga ciki da man shafawa a baki zai iya yi.

Inda gizo ke saƙa a ƙasar Hausa

A shekarun 1970 likitoci irin su Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, sun rubuta cewa cututtukan hanji irin waɗannan ba safai ake ganinsu a karkarar Afirka ba. Wannan magana ta zauna a zukatan ma'aikatan lafiya har aka ɗauki cutar ta Turawa ce. Amma wani nazari mai faɗi da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a shekarar 2017 ya nuna cewa yayin da yawan sababbin masu kamuwa ya daidaita a Turai da Arewacin Amurka, yana hauhawa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, inda rayuwar birni da cimarta suke maye gurbin na ƙauye. Babu wata katanga da ta keɓe Kano ko Zariya ko Maraɗi daga wannan sauyi.

A ɗauki misalin ɗalibi ɗan shekara 20 wanda ya yi wata shida yana gudawa mai jini, ya rame, baki kuma duk gyambo. A gida za a ce basir ne, a nemo sassaƙe. A kemis za a ce atuni ne ko taifot, a ba shi ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta zagaye bayan zagaye. Idan ya je wurin likitan haƙori, bakin kaɗai zai nuna, domin kunya ba za ta bar shi ya faɗi sau nawa yake zagayawa a rana ba, ballantana ya ambaci jini. Idan kuwa ya je wurin likitan ciki, ba lalle ne ya tuna da maganar baki ba, tunda a ganinsa wannan ciwo daban ne. Ta haka sai labari guda ya rabu gida biyu, kowane likita ya ji rabi.

A nan ne darajar gyambon baki take. Shi ne alamar da majinyaci zai iya nunawa ba tare da jin nauyin kowa ba, ko budurwa ce a gaban likita namiji, ko yaro a gaban mahaifinsa. Ma'aikacin lafiya mai basira idan ya ga matashi da gyambo mai yawan dawowa, ga rama, ga farin ido na ƙarancin jini, tambaya uku kacal za su iya buɗe masa ƙofa: yaya bayan gida, akwai jini a ciki, ana tashi da dare domin zagayawa? Shi kuma majinyaci ya tuna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanci ƙasashe masu zafi. Atunin da ƙwayar amiba take kawowa yana kama da gyambon babban hanji, tarin fukan da ya kama hanji kuwa yana kama da cutar Crohn, har ƙwararru kan sha wahalar rarrabe su. Maganin da ke kwantar da kumburin hanji yana danne garkuwa ne, saboda haka idan aka ba mai amiba ko mai tarin fuka, cutarsa za ta yi ƙamari har ta iya kai shi kushewa. Wannan ne ya sa ba a yanke hukunci da ka. Sai an gwada jini da bayan gida, an duba ƙirji, sannan an zura na'urar hangen hanji an ɗebo ɗan tsoka an duba a ƙarƙashin madubin likita. Ana yin wannan aiki a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Akwai ma gwajin bayan gida na sinadarin kalfurotektin, wanda yake nuna ko akwai kumburi a hanji tun kafin a kai ga na'ura.

Abubuwan da ke ƙara wa gyambo wuta

Zafin gyambo kan sa mutum ya rarumi duk abin da aka miƙo masa. Wasu kan danna gishiri tsagwaronsa a kan mikin, wasu kanwa ko alif ko ruwan lemon tsami, wasu kuma su ɗora ƙwayar asfirin ko garin maganin ciwon kai su bar shi ya narke a wurin. Duk waɗannan ƙona fata suke yi. Ɗan sauƙin da ake ji bayan raɗaɗin farko alama ce ta cewa jijiyoyin wurin sun ƙone, mikin kuwa ya ƙara faɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne shan magungunan kashe zafi irin su ibufurofen, da dikulofenak, da firoksikam, da asfirin, waɗanda ake samu a kowane kemis ba tare da takardar likita ba. Wannan rukuni yana rage sinadaran da ke kare bangon ciki da hanji, kuma yana iya tayar da cutar kumburin hanji bayan ta lafa. Ke nan mutum ya sha magani domin bakinsa, ya tsokano hanjinsa, hanjin kuma ya sake aiko da sabon gyambo. Farasitamol, a bisa ƙa'idar da aka rubuta, shi ne ya fi dacewa da mai wannan cuta. Haka nan sayen firednisolon ko deksametazon ba da umurnin likita ba, ko shan haɗe-haɗen ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe saboda rama ta dami mutum, wasa ne da rai, bisa dalilin amiba da tarin fuka da aka ambata a baya.

Dabarun samun sauƙi

Manufar kula da baki ita ce a rage zafi domin a iya cin abinci, a kuma tsare mikin daga ƙazanta har ya rufe. Mafi sauƙin dabara ita ce kurkure baki da ruwan ɗumi kofi guda wanda aka narkar da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ciki, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci, a zubar kada a haɗiye. Bambancin wannan da danna gishiri a miki shi ne bambancin wanka da ƙuna. Kada a daina wanke haƙora saboda ciwo, domin dattin baki yana jinkirta warkewa. A nemi buroshi mai laushi, mai amfani da aswaki kuma ya tauna kansa sosai ya yi taushi, ya kiyayi zungurar wurin. Yawancin makilin yana ɗauke da wani sinadarin kumfa da ake rubutawa SLS a jikin kwali, wanda bincike ya nuna yana ƙara wa wasu mutane yawan gyambo; wanda ya samu makilin marar shi ya gwada na wata biyu ya gani.

Daga cikin abin da likita ko likitan haƙori zai iya rubutawa akwai ruwan kurkurar baki na kuloheksidin, wanda yake hana ƙwayoyin cuta taruwa a miki, sai dai yana rina haƙora idan aka daɗe a kansa, kuma ana barin kamar rabin sa'a tsakaninsa da makilin. Akwai benzidamin na kurkurawa ko fesawa, da man lidoken, masu sandarar da wurin na ɗan lokaci. Hikimar amfani da su ita ce a sa su mintoci kaɗan kafin a zauna cin abinci. Akwai kuma magungunan kotizon na shafawa ko kurkurawa, waɗanda suka fi aiki idan aka fara su tun ranar da aka ji tsikarin farko. Idan farar funfuna ce ta kama harshe, maganinta daban ne, irin su nistatin, kotizon kuwa ƙara ta zai yi. Wannan ma dalili ne na a bari mai ilmin abin ya duba kafin a sa komai. A guji ruwan kurkurar baki mai sinadarin barasa, domin yana da raɗaɗi kuma yana busar da baki.

Game da abinci, ƙa'idar ita ce mai laushi, marar yaji, marar tsami, wanda ya huce. Tuwon shinkafa da miyar kuka ko ta kuɓewa ba barkono, faten dankali, kunun gyaɗa wanda ba a sa wa tsamiya ba, dafaffen ƙwai, kifi, naman da ya dahu luguf, ayaba da gwanda, duk suna wucewa ba tare da faɗa ba. Kindirmo yana sanyaya baki ga wanda cikinsa yake karɓar nono, domin wasu majinyata yana ƙara musu gudawa. Abubuwan da ya kamata a jingine har miki ya rufe sun haɗa da tsire da kilishi da yajinsu, da ƙuli-ƙuli, da ƙanzo, da soyayyar gyaɗa, da goro, da abarba, da lemon tsami, da zoɓo, da shayi mai tururi. Cin kaɗan kaɗan sau biyar ko shida ya fi a tilasta wa kai babban kwano sau biyu. Ruwa kuwa a yawaita shi, domin mai gudawa bakinsa kan bushe, yawu kuma shi ne maganin farko da jiki ya tanadar wa baki. Mai azumi wanda cutarsa ta taso ya tuntuɓi likitansa tun kafin watan ya kama a kan lokutan shan magani, kuma sananne ne cewa shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama.

Cike giɓin abubuwan gina jiki kuwa da gwajin jini yake farawa. Hanta da nama da kifi da ƙwai suna ba da ƙarfe da bitamin B12, wake da alayyahu da zogale suna ba da folik asid, shan shayi tare da abinci kuma yana rage tsotsar ƙarfe. Amma wanda ƙarshen ƙaramin hanjinsa ya lalace ko aka yanke shi, ko ya ci hantar sa guda ba zai tsotsi B12 yadda ya kamata ba, allura yake buƙata. Haka kuma ƙwayar ƙarfe ta sha takan dami cikin wasu idan cuta tana tashe, sai a ba su ta jijiya. Wanda hanjinsa ya tsuke saboda cutar Crohn ya nemi shawara kafin ya yawaita ganye da abinci mai dusa.

Wata dabara mai araha ita ce ɗan littafin aljihu. Majinyaci ya riƙa rubuta ranar da gyambo ya fito, da yawan zagayawar ranar, da ko akwai jini, da abin da ya ci, da maganin da ya sha, da ko yana cikin damuwa ko rashin barci kamar lokacin jarrabawa. Bayan wata biyu ko uku salon cutar zai bayyana a takarda, likita kuma zai samu abin da ganawar minti goma ba za ta ba shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lokacin garzayawa asibiti

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Duk mai shan azatayofirin, ko metotireksat, ko salfasalazin, idan gyambon baki ya zo masa tare da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya tafi asibiti a ranar a gwada jininsa, domin waɗannan magunguna suna iya karya yawan fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Haka nan wanda ciwon baki ya hana shi shan ruwa alhali yana gudawa. Sannan duk mikin da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko ya fi santimita 1 faɗi, ko gefensa ya yi tauri, lalle ne ƙwararre ya gan shi, musamman ga mai shan taba, saboda sankarar baki ma da ɗan miki take farawa. Likita zai kuma duba wasu cututtukan da ke kawo gyambo mai dawowa, har da cuta mai karya garkuwar jiki.

Ga masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce, tunda mutum 1 cikin 5 yana gyambon baki, danganta shi da ciwon hanji tsorata jama'a ne kawai. Amsa ita ce, gyambo shi kaɗai, jefi-jefi, ga mutum mai ƙoshin lafiya, bai isa a tayar da hankali ba. Abin da ake magana a kai shi ne gyambo mai naci wanda ya zo da 'yan rakiya: gudawar da ta wuce wata guda, jini a bayan gida, rama, ƙarancin jini, ciwon gaɓoɓi, jan ido, ƙurji ko yoyon ruwa a dubura, ko tsumburewar yaro. Wani kuma zai ce, mene ne amfanin gano cutar da ba ta da maganin warkewa, alhali sababbin magungunanta, irin su infiliksimab da aka amince da shi a Amurka a shekarar 1998, sun fi ƙarfin aljihun talaka? Gaskiya ne suna da tsada. Amma majinyata da yawa, musamman masu gyambon babban hanji, cutarsu tana lafawa da tsofaffin magunguna irin su salfasalazin da mesalazin. Ban da haka, sanin sunan ciwo kaɗai yana dakatar da asarar kuɗi a kan maganin basir da taifot, yana hana shan ƙwayoyin da ke rura wutar, yana kuma sa a fara sa ido, tunda kumburin babban hanji na shekaru masu yawa yana ƙara haɗarin sankarar hanji.

Saboda haka akwai kira ga ɓangarori huɗu. Likitan ciki ya ɗauki tocila ya leƙa bakin kowane mai daɗaɗɗiyar gudawa, aikin da bai kai minti guda ba. Likitan haƙori ya cire nauyin baki ya tambayi majinyacinsa halin bayan gida. Mai kemis idan ya ga mutum guda ya dawo sau uku neman maganin baki da na gudawa tare, ya rufe durowa ya nuna masa hanyar asibiti. Malaman jami'a da na makarantun koyon aikin lafiya kuwa su daina koyar da wannan cuta a matsayin baƙuwa wadda sai a littafi ake gamuwa da ita. Shi kuma majinyacin da aka riga aka gano cutarsa, ya ci gaba da shan maganin hanjinsa ko da ya ji garau, domin yawan barin magani idan an samu sauƙi shi ne yake dawo da ciwo. Ranar da ya ji tsikari a cikin leɓe, ya kurkure da ruwan gishiri, ya sassauta cimarsa, ya buɗe littafinsa ya rubuta kwanan wata, sannan ya sanar da likitansa.